Katin gayyatar aure: daga ina muka aro shi, kuma mi ya tarar a gidanmu?

Shekarun baya, da aka sa ranar auren ɗiyar yayana a Maraɗi, dangi suka taru aka raba aiki. Wani aka ɗora ma shi neman rumfa da kujeru, wani goro da dabino. Da aka zo kaina sai aka ce, "Kai ne mushe, rubutun kati naka ne." Aka miƙo mani takarda cike da sunayen gidaje, sun fi 30: na Maraɗi, na Madawa, na Tasawa, na Yamai, har da na Katsina da Kano. Na duba na ce a raina wannan ai rajistar kiran sunan ƴan aji ce. Na soke su kaf, na bar sunan uban amarya da na uban ango, yadda na saba gani cikin littattafan Faransanci tun ina lakwal. Kati ya fito fes, layi bakwai, ba cunkoso. Ni dai na ji na yi aiki.

Da na kai ma Yaya, ya karanta, ya kife katin bisa tabarma, bai ce komi ba. Sai da dare amininsa ya ja ni gefe ya tuna mani cewa yarinyar ɗiyar fari ce. Mutumin da tun haihuwarta bai taɓa kiran sunanta ba, ga shi na buga sunansa bisa nata, na ce ma duniya shi ne ke kira a zo auren ɗiyarsa.

Wannan ma mai sauƙi ne. Gwaggonmu, wadda ita kaɗai ta rage cikin ɗakin su mahaifinmu, tana Madawa. Na sa nata katin cikin ambulan na ba wani direba a tasha. Bayan kwana biyu na kira ta ta wayar jikanta in ji ko ya isa.

"Gwaggo, ina wuni? Saƙo ya iso?"

"Lahiya lau, Mushe. Takardarku ta zo. Amma ni ba a hwaɗa mani ba."

Ta miƙa ma yaro wayarsa. Ban taɓa jin ta kira ni Mushe ba sai ranar.

Maganar nan tata ce ta sa na koma neman asalin wannan takarda da muke bugawa, da dokokin da suka biyo ta. Abin da na fahimta nake son in baje gaban ƴan uwana malamai da iyaye, domin mu ne ake ba rubutun kati, kuma mu ne yara ke kwaikwayo.

A Turai ma gayyata da baki ta fara. Yawancin mutane ba su iya karatu ba, labari mai shela ne ke kai shi. Cikin 1215 wani babban taron shugabannin cocin Katolika da aka yi a Roma ya wajabta a yi shelar aure a coci kafin a ɗaura shi, don wanda ya san wani cikas ya fito ya faɗa. Har yau a Faransa sai an lika sanarwar aure a ma'aikatar magajin gari tsawon kwana 10 kafin a ɗaura. Gayyata a rubuce kuwa ta masu sarauta da masu dukiya ce, su da ke da magatakarda da hatimi.

Wajen 1450 Gutenberg ya fito da injin ɗab'insa a birnin Mainz na Jamus. Daga baya masu hali suka koma ga wata dabara mai tsada: a sassaƙa rubutun bisa farantin jan ƙarfe, a shafa tawada, a danna takarda. Tawadar kan yi jinkirin bushewa, shi ya sa ake shimfiɗa siririyar takarda bisa rubutun kada ya ɓata. Yau tawada na bushewa nan take, amma har yanzu za ka ga siririyar takardar cikin katin masu kuɗi, ta zama ado. Cikin 1796 Alois Senefelder ya gano yadda ake buga rubutu da dutse, aikin ɗab'i ya yi arha. Sai kuma gidan waya ya sauƙaƙa: Ingila ta fito da kan sarki, abin da mu nan muke ce ma tambur, cikin 1840, Faransa ta bi sahu cikin 1849. Daga nan ɗan kasuwa da ma'aikaci suka iya yin abin da a da sai basarake.

To, da kati ya shiga hannun kowa, sai aka shiga tsoron kuskure. Wanda ya yi sabon kuɗi ba ya son a gane bai san ladabin manya ba. Nan littattafan koyar da ladabi suka samu kasuwa. A Faransa wata marubuciya mai laƙabin Baronne Staffe ta fitar da nata cikin 1889, aka yi ta sake buga shi. A Amurka Emily Post ta fitar da nata cikin 1922. Irin waɗannan littattafai ne suka tsayar da ƙa'idodin da ake bi har gobe.

A tsarin Ingila da Amurka, iyayen amarya ne ke gayyata, domin su ne ke ɗaukar nauyin buki. Ba su cewa "muna gayyatarka". Suna ambaton kansu kamar wani ne ke ba da labarinsu. Ana rubuta suna cikakke, ba a gajartawa, kwanan wata ma da haruffa ake rubuta shi. Bayan ambulan da hannu ake rubuta sunan wanda aka gayyata. Matar aure kan shiga ƙarƙashin sunan mijinta, nata ya ɓace. Wasu kan yi ambulan biyu, na waje ya sha ƙurar hanya a yar da shi, na ciki ya isa hannun mai gida da tsabtarsa. Babbar dokar kuwa ita ce wanda aka rubuta sunansa shi kaɗai aka gayyata. In ba a ambaci yara ba, su zauna gida. Dalili shi ne abinci a zaune ake ci, kujera da faranti a ƙidaye suke. Haruffan nan huɗu, RSVP, da muke gani a ƙasan kati, gajarcen jimlar Faransanci ne mai roƙon a ba da amsa, don mai gida ya san faranti nawa zai jera.

Tsarin Faransa ya ɗan bambanta, kuma shi ne ya fi shafar mu. Takardar da suke kira faire-part sanarwa ce daga gida biyu: shafi guda na dangin amarya, guda na dangin ango. In kakanni na raye, sunansu ke fara zuwa, sannan na iyaye. Ita wannan ana aika ta ga mutane da yawa. Gayyatar cin abinci kuwa ƙaramin kati ne dabam da ake sakawa ciki ga waɗanda aka zaɓa, kuma bisa al'ada da sunan uwayen ango da amarya ake fitar da shi.

Wannan ke nan game da inda kati ya fito. Mi ya tarar da ya iso ƙasar Hausa?

Ya tarar da kalmar gayyata kanta, wadda ta fito daga gayya. Mai gona ya kira dangi da maƙwabta su zo su kama ma shi noma, ya ciyar da su, ran da tasu ta tashi shi ma ya je. Wanda aka gayyata a wurinmu mai kama aiki ne, ana jiran ƙafarsa da hannunsa da gudummawarsa. Mata sun fi kowa sanin haka, su da ke riƙe da lissafin buki a ka: wance ta kawo mani kaza ran sunan ɗana, ran auren ɗiyarta sai na mayar har da ƙari. Saboda haka in ka tsallake mutum wurin gayyata, ka ce ma shi ba ka buƙatarsa.

Ya tarar da goro. Ƙarni bayan ƙarni fatake na ɗauko shi daga Gwanja, ta kasuwar Salaga da ke ƙasar Gana ta yau, su yi watanni bisa hanya da jakai. Abu mai tsada ne, shi ya sa ya zama ma'aunin girmamawa. Ƙwarya guda goro 100 ce. In aure ya tashi, a kasa shi, a bi gida-gida. Yawan goron da aka kai ma mutum, da kyansa, da kuma girman wanda aka aika, su ke faɗin matsayinsa. Sa'a ana iya aika ma shi yaro. Dattijo kuwa sai babba ya je, ya cire takalmi, ya durƙusa, ya gaida shi, sannan ya ce an sa ranar wance. Ran ɗaurin aure kuma sanƙira ya miƙe ya ɗaga murya, ya faɗi wanda ya ba da aure da wanda ya karɓa da abin da aka biya na sadaki, kowa ya ji ya shaida.

Ya tarar da addini, wanda ya riga ya yi magana bisa gayyata. Hadisai cikin Bukhari da Muslim sun yi umurni da amsa kiran walima, sun kuma zargi walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta. Risala ta Ibn Abi Zaid, da almajiranmu ke karantawa a zaure, ita ma ta kawo hukuncin amsa gayyatar walimar aure. Aure kuma ana son a bayyana shi. Shi ya sa ɗaurin aure a wurinmu ƙofa buɗe ne: mai wucewa ya ga taro ya zauna, a shafa fatiha da shi, a miƙa ma shi goro. Ba wanda ke ƙidayar faranti.

Ya tarar da alkunya. Uba ba ya tsayawa gaban jama'a ya ba da ɗiyarsa. Wansa ko ƙanensa ko wani dattijon dangi yake wakiltawa, shi kuwa ya koma gefe, wani ma ya bar wurin. Iyaye ba su kiran sunan ɗan fari. Ɗa na dangi ne, kuma nuna zumuɗi bisa naka abin kunya ne.

Har ladabin rubutu ya tarar. Tun kafin zuwan Nasara sarakuna da malamai na aika ma juna wasiƙu da Larabci da ajami. Ana farawa da sunan Allah, a faɗi daga wane zuwa ga wane da laƙabin kowa, a yi gaisuwa, sannan a shiga magana, a buga hatimi. Amma wasiƙa ba ta tafiya ita kaɗai. Manzo ne ke riƙe da ita, ya gaida mai gida, ya faɗi saƙo da bakinsa, takarda ta zama shaida.

Faransawa sun kama Damagaram cikin 1899. Can ne hedkwatar mulkinsu ta zauna daga 1911 har 1926, lokacin da aka maida ta Yamai. Lakwal ta fitar da malamai da akawu da ma'aikatan asibiti, manyansu suka wuce makarantar William Ponty a Senegal. Ta hannun wannan rukuni ne al'adun takarda na Faransa suka shigo gidajenmu, faire-part na cikinsu. Ni a ƙuruciyata kati sai auren ma'aikaci. Sauran gari goro da alawa ne. Na ga lokacin keken rubutu, na ga zuwan shagunan kwamfuta da hotokofi da suka sa kowa ya iya bugawa, ga shi yau hoton kati ne ke yawo a WhatsApp.

Yanzu mu ɗauki katin da ake bugawa a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa mu dube shi. Ƙirar ta Faransa ce: gida biyu, dama da hagu, suna farin cikin sanar da auren ƴaƴansu. Amma inda Bafaranshe ya tsaya ga kakanni da iyaye, mu sai muka jero gidaje: iyalan marigayi wane a gari kaza da gari kaza, iyalan Alhaji wane, iyalan Malam wane, har takarda ta cika. Sunan uba ya shige tsakiyar jerin, ba ya tsaye shi kaɗai. A ƙasa a faɗi ranar da za a shafa fatiha, da lokaci, da ƙofar gidan da za a taru. A Katsina da Kano, inda suka aro nasu daga Ingilishi, su ma sun maida shi iyalan wane da na wane ne ke gayyata, RSVP kuma ta koma jerin lambobin wayar abokan ango da ake kira a tambayi kwatancen gida.

Jerin nan da na raina, ashe gyara ne da iyayenmu suka yi ma kayan aro don ya zauna a jikinmu. Shi ne ya ɓoye uba cikin dangi, ya tsare ma shi kunyarsa. Shi ne ke gaya ma mai karatu cewa yarinyar nan tana da mutane a gari goma. Shi ne kuma ke gaya ma kowane gida da aka ambata cewa ku masu kira ne, ba baƙi ba. Ni da na soke sunan gidan su Gwaggo, na fitar da ita daga masu buki, sannan na aika mata takarda ta hannun direba kamar wata tsohuwar abokiyar aiki.

Ba ina cewa duk abin da muke yi da kati daidai ba ne. Akwai inda muka aro abin da bai kamace mu ba, akwai kuma inda sakaci ya shiga. Ga abin da nake bi yanzu in an ba ni wannan aiki.

Jerin gidaje ba na mai rubutu ba ne. Dattawan ɓangare biyu, maza da mata, su ke faɗin wa zai shiga da wanda zai riga wani. Ni nawa in rubuta, in karanta masu da baki kafin a kai wurin bugawa. Magabata da suka rasu su ke fara zuwa, da "marigayi" ko "marigayiya" gaban sunansu, sannan rayayyu bisa girma. Dangin uwa su samu wurinsu kamar dangin uba. In tsawon ya yi yawa, a ambaci kakan da ya haɗa gidaje da yawa, ya wadatar da su duka. Wannan ya fi a tsinci wasu a bar wasu.

Laƙabi a ba kowa wanda aka san shi da shi: Malam, Malama, Liman, Alhaji, Hajiya, ko sarautarsa in yana da ita. Kada a ƙara ma mutum abin da ba nasa ba, kada a rage. Muƙamin ofis kuwa, darakta ne ko shugaban wani abu, ba wurinsa ba ne. Aure ake, ba taron ma'aikata ba.

Mace a kira ta da sunanta. Salon nan na "Madam wane" da muka gada daga Faransanci, inda sunan miji ke haɗiye na mata, yana iya zama a takardun aiki. A al'adarmu da addininmu mace ba ta rasa sunan ubanta don ta yi aure. Kuma a gidan da ke da mata biyu ko uku, ambulan guda mai cewa "wane da madam" fitina ce ka aika. Ko dai a rubuta "Alhaji wane da iyalansa", ko kowace ta samu nata.

Bayan ambulan a rubuta suna da hannu. Katin da aka miƙa ba suna, kamar goron da aka jefa ma mutum ne daga nesa. Kuma a rubuta sunan yadda mai shi ke rubuta abinsa, Ousmane ne ko Usman.

Sai harshe. Yawancin katunanmu da Faransanci suke, alhali rabin waɗanda ake kai mawa sai an fassara masu. Tun taron Bamako na 1966 aka daidaita haruffan rubuta Hausa, Nijar ta tsayar da ƙa'idar rubutunta cikin 1999, kuma cikin 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Mi zai hana a buga fuska guda da Hausa, guda da Faransanci? Amma in za a yi, a yi da ƙa'ida. A tsaya bisa mai kwamfuta ya sa haruffa masu lanƙwasa. Na taɓa ganin katin da ya bar ɗ ɗin "ɗiya", mutane suna karanta shi kamar ana maganar diyya. Malamai, ga darasin rubutu da ba ya buƙatar littafi: a sa ƴan aji shida su tambayo sunayen gidajen danginsu a gida, su rubuta katin gayyata da Hausa. Za su koyi ƙa'idar rubutu, za su kuma san su wane ne nasu.

Na ƙarshe shi ne wanda na koya da wuya. Akwai mutanen da kati ba ya gayyatarsu ko da ruwan zinariya aka buga shi: kakanni, gwaggo da kawu, surukai, limamin unguwa, malamin da ya koyar da yaro, maƙwabcin da kuke katanga ɗaya, da sarki, wanda shi ta hannun fadawansa ake bi. Waɗannan ƙafa ake kai masu da goro, a faɗa da baki, sannan a ajiye katin don tuna rana. In nisa ya hana, a kira su da murya, babba ya yi kiran, ko a wakilta wani ɗan uwa da ke garin ya je. Hoton kati a WhatsApp ya isa ga abokan aiki da ƴan ajinku na da. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma ba su ce sai in babu waya ba.

Ni dai washegari na sayi ƙwaryar farin goro na hau mota zuwa Madawa. Na tarar da Gwaggo a tsakar gida tana tsintar wake. Na durƙusa na gaida ta, ta amsa kamar ba abin da ya faru, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Sai na tura goron gabanta.

"Gwaggo, an sa ranar jikarki. Yaya ya ce in zo in faɗa maki, kuma a ji abin da kika ce."

Ta buɗe ganyen ta duba, ta ɗauki guda ta fasa, ta miƙo mani rabi.

"To, yanzu na ji. Allah shi sa albarka. Ɗauko takardar taka ka karanta mani sunayen da kunka sa."

Na ce mata wancan katin an fasa shi. Na fito da alƙalami, ta shiga jero gidaje, ina rubutawa. Ta tuno da gida biyu a Dogon Dutsi da ko cikin takardar farko babu su. Na koma Maraɗi na sake buga kati da kuɗin aljihuna, sunan Yaya na can layi na tara. Kwana uku kafin buki Gwaggo ta iso da ƙullin kayanta, ita ce ta zauna bisa kan rabon goron mata.

Allah ya ba ƴaƴanmu zaman lafiya a gidajensu, ya bar mu da danginmu.